Goge gansakuka da laikin daga jikin dutse yayin buɗe sabuwar hanyar hawa: tambayoyi da amsoshi

Kusan duk hanyar hawan dutse da mutane ke jin daɗinta a yau, akwai wanda ya fara ratayewa a jikin igiya ya share ta kafin kowa ya ɗora mata hannu. Aiki ne mai wahala wanda ba kasafai ake ganinsa ba, kuma aiki ne da ake iya yin ɓarna mai yawa a cikinsa da kyakkyawar niyya. Ga tambayoyin da masu son shiga wannan aiki suka fi yi mini, da amsoshinsu bisa abin da na sani da abin da na gani da idona.

Mene ne bambancin gansakuka da laikin, kuma ina ruwan mai sharar dutse da wannan bambanci?

Gansakuka tsiro ce ƙarama, koriya, mai laushi kamar darduma. Ba ta da saiwa ta gaskiya, sai wasu siraran zaruruwa da take maƙalewa da su a jikin dutse, ba ta fure, kuma tana yaɗuwa ne ta wasu ƙwayoyin iri masu kama da ƙura. An san nau'inta kusan 12,000 a duniya. Inuwa da laima take so, kuma tana riƙe ruwa kamar soso.

Laikin kuwa ba tsiro ba ne, duk da cewa ido yana ɗaukarsa haka. Halittu biyu ne suka haɗa rayuwa wuri guda: ɗaya daga dangin fumfuna da naman kaza take, ita ce ke gina jiki tana kama dutse, ɗayar kuma ƙananan halittu ne masu haɗa abinci daga hasken rana, dangin gansakukar ruwa ko wasu ƙwayoyin bakteriya. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Siwizalan, Simon Schwendener, shi ne ya fara bayyana haka a 1867, kuma da yawa daga masanan zamaninsa sun ƙi yarda da shi. Nau'in laikin ya kai wajen 20,000, amma ga mai hawa siffofi uku ne suka fi muhimmanci: akwai mai ɓawo wanda ke manne wa dutse kamar fenti, akwai mai faffaɗan kunne kamar busasshen ganye, akwai kuma mai rassa kamar ƙaramin gemu.

Inda gizo ke saƙar shi ne saurin girma. Gansakuka tana iya sake rufe bango mai laima cikin 'yan shekaru. Laikin mai ɓawo kuwa sau da yawa girmansa ba ya kai milimita ɗaya a shekara. Akwai wani mai launin rawaya da kore da baƙaƙen layuka, wanda ake kira laikin taswira domin kamanninsa da taswira, wanda jinkirin girmansa ya sa masanin tsirrai Roland Beschel ya nuna a 1950 cewa ana iya auna faɗinsa a ƙiyasta tsawon lokacin da dutse ya yi a fili bayan ƙanƙara ta janye daga kansa. Tabon irin wannan laikin mai faɗin tafin hannu yana iya girmar kakan wanda ke riƙe da buroshi, alhali goge shi ba ya ɗaukar minti biyu.

Dole ne sai an goge su kafin a hau?

A wurare da dama dole ne, a wasu kuma ba dole ba ne. Jiƙaƙƙiyar gansakuka tana da santsi, tana ɓoye madafa da mataki, tana kuma toshe tsagar da za a sa abin kariya, wato ƙarfen da ake cusawa a tsaga a maƙala masa igiya domin ya tare mai hawa idan ya faɗo. Laikin mai kunne yana ruɓurɓushewa a ƙarƙashin takalmi idan ya bushe, idan ya jiƙe kuma ya zama kamar yauƙi. Haka nan ba za a iya tantance lafiyar dutsen da za a kafa wa ƙusar maƙala igiya ba sai an ga fuskarsa an ƙwanƙwasa an ji sautinsa. Amma siririn laikin mai ɓawo da ke tsakanin madafa da madafa ba ya hana kowa hawa, kuma bangon da ya rankwafo gaba ko wanda rana ke dukansa yawanci ba ya buƙatar fiye da ɗan kakkaɓewa.

Wane izini ake nema kafin a fara?

Na farko shi ne izinin mai ƙasar, ko mutum ne ko hukuma, kuma izinin hawa daban yake da izinin cire tsirrai. A Birtaniya dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta ambaci wasu nau'o'in laikin da gansakuka da sunansu, kuma tumɓuke su da gangan laifi ne. A Amurka dokar dazuzzukan da aka keɓe ta 1964 ta hana amfani da na'urori masu inji a waɗannan yankuna, wanda ya haɗa da injin huda dutse da injin hura iska. Gandayen daji na gwamnati a ƙasashe da yawa suna hana cire kowane irin tsiro ba da takarda ba.

Sai kuma abin da ba tsiro ba. Wasu duwatsu suna ɗauke da zane ko sassaƙa na mutanen da, wanda ya dushe har sai mai lura ne zai gan shi, wani lokaci ma laikin ya rufe wani sashe nasa. A 2019 hukumomin jihar Biktoriya a Ostireliya sun rufe manyan yankunan hawa a tsaunukan Grampians domin kare wuraren tarihi na 'yan asalin ƙasar. A 2021 wani mai hawa ya kafa ƙusoshi a kan tsoffin zanen dutse kusa da garin Moab a jihar Yuta, lamarin da ya jawo fushi ƙwarai kuma ya zubar da mutuncin masu hawa baki ɗaya. Buroshin waya yana iya shafe irin wannan zane kafin mai shi ya gane abin da ke gabansa. A kuma tambayi ƙungiyar masu hawa ta yankin game da lokacin sheƙar tsuntsaye, domin shaho da danginsa suna ƙwai a kan irin waɗannan ganuwoyi, kuma ana rufe wurare da yawa na tsawon watanni saboda su.

Yaya zan gane cewa hanya ta cancanci a share ta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, kuma ita ce aka fi tsallakewa, domin wanda ya hango sabon layi a jikin dutse zumuɗi ne ke jansa.

Akwai wani bango da na taɓa sharewa a cikin kwazazzabo mai inuwa. Kwana uku na yi a rataye, ina naɗe gansakuka kamar tabarma ina jefarwa ƙasa, ina kankare laikin mai ruwan toka wanda ya yi zagaye-zagaye a sashen sama inda haske ke ɗan taɓawa. Da na gama na hau, sai na tarar hanyar ba ta da wani armashi, kuma ruwa yana tsattsafowa daga wata tsaga a tsakiyarta fiye da rabin shekara. Mutane kaɗan ne suka gwada ta, daga baya kowa ya daina. Da na koma bayan 'yan shekaru, gansakuka ta mayar da sashen ƙasa yadda yake kamar ba a taɓa shi ba, amma can sama, inda zagayen laikin suke a da, fari fat ne kamar tabon ƙuna. Har yau abin yana damuna, domin na ɗauke wani abu daga wurin ban ba kowa komai a madadinsa ba.

Saboda haka kafin a ɗauko buroshi, a sauka da igiya daga sama a dudduba layin, a lalubi madafai ta cikin gansakukar, a buɗe 'yan wurare ƙanana kawai domin a ga ingancin dutsen. A ziyarci wurin bayan ruwan sama a ga ko yana bushewa da wuri ko yana kwana da laima. A duba inda bangon ya fuskanta: a arewacin duniya bangon da ke kallon arewa shi ne ya fi inuwa, a kudancin duniya kuma akasin haka. A duba ko akwai ƙasa ko itatuwa a saman da za su riƙa zubo da datti kowace shekara. Sannan mutum ya tambayi kansa tsakani da Allah ko mutane za su riƙa zuwa suna hawan wannan hanya, domin hannaye da takalman masu hawa su ne ke riƙe hanya a buɗe. Idan amsar ba ta fito sarai ba, a bar kaza cikin gashinta.

Waɗanne kayan aiki ake buƙata?

Buroshi iri-iri: mai taurin gashin nailan domin yawancin aiki, mai laushin gashin dabba domin gamawa, ƙarami kamar na goge haƙori domin ramuka, da na waya idan dutsen da al'adar wurin sun yarda. Ana buƙatar abin kankara na roba ko na katako domin ɗaga gansakuka, da siririn ƙarfe mai ƙugiya domin tsaga, da bututu ko ƙaramin famfo na hura ƙura, da sandar ƙarfe domin gwada duwatsun da ke motsi. Kowane abu a ɗaure shi da zare a jikin ɗamarar da mai hawa ke ɗaurawa a ƙugu, domin abin da ya suɓuce daga sama yana iya raunata wanda ke ƙasa.

Buroshin waya yana lalata dutse ne ko kuwa faɗa ce kawai?

Ya danganta da dutsen, kuma ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, yana taimakawa wajen fahimta. Ma'adinan da suka fi yawa a dutsen giranit taurinsu 6 ne da 7, ƙarfen wuƙa kuma wajen 5 da rabi yake, shi ya sa masu buɗe hanyoyi a wurare irin su Squamish da ke yammacin Kanada, inda ruwan sama ke da yawa gansakuka kuma ke da kauri, suke amfani da buroshin waya a kan giranit. Ko a can ma, wayar ƙarfe ta gama-gari tana barin ɓurɓushi mai tsatsa da ke ɓata launin dutse, don haka an fi son wadda ba ta tsatsa. Wayar tagulla ta fi laushi, amma tana barin nata launin mai sheƙi a kan madafa.

Dutsen farar ƙasa kuwa ma'adininsa taurinsa 3 ne kacal, waya tana karce shi tana kuma gaggauta sulɓinsa. Dutsen yashi shi ne ya fi kowanne haɗari. Ƙwayoyin yashin kansu suna da tauri, amma abin da ya haɗa su yana da rauni, kuma sau da yawa siririn ɓawo ne mai ƙarfi a waje yake kare garin yashi a ciki. Da zarar an huda wannan ɓawo, wurin zai ci gaba da zaizayewa da kowane hannu da kowane ruwan sama, kuma babu mai iya mayar da shi. Wannan ne ya sa ƙa'idar masu hawan duwatsun yashi na kudancin Ingila, irin su Harrison's Rocks, ta hana buroshin waya, haka ma masu hawa a dajin Fontainebleau na Faransa suke ƙyamarsa. Ra'ayina shi ne a fara da mafi laushi, kada a ƙara tauri sai laushin ya gaza, kuma idan an ga garin dutse yana fitowa tare da dattin, a tsaya nan take.

Me zai hana a fesa bilic, wato sinadarin da ke faranta tufafi, ko maganin kashe ciyawa, ko a babbake da wuta, a huta?

Kada a yi ko ɗaya. Abin da aka fesa ba ya tsayawa inda aka fesa shi. Ruwan sama yana gangarar da shi zuwa tsirran gindin dutse da rafin da ke kusa. Duk wani ruwa mai tsami yana narkar da dutsen farar ƙasa, kuma sinadarai irin waɗannan suna raunana igiya da ɗamara ta yadda ido ba zai gani ba. Wuta kuma tana sa fuskar dutse ta tsattsage ta riƙa ɓarewa, ga haɗarin gobarar daji.

A jiƙe ya fi kyau a share ko a bushe?

Gansakuka ta fi ɗaguwa idan tana da ɗan laima, domin tana fitowa dunƙule-dunƙule da ƙasar da ke ƙarƙashinta, maimakon ta kakkarye. Laikin mai kunne da ragowar ƙasa sun fi fita idan sun bushe, domin a jiƙe buroshi yana dama su ne kawai ya cusa su cikin ramukan dutse. Shi ya sa aikin yakan kasu biyu, da 'yan kwanaki a tsakani.

Dutsen yashi bai shiga wannan lissafi ba, domin yana shan ruwa kuma ƙarfinsa yana raguwa sosai idan ya jiƙe. A yankin duwatsun yashi na Saksoni a Jamus an hana hawan jiƙaƙƙen dutse, a Red Rock kusa da Las Vegas kuma ana umartar mutane su jira aƙalla kwana ɗaya zuwa biyu bayan ruwa, har sai ƙasar gindin dutsen ta bushe. Abin da bai halatta a hau ba, bai halatta a goge ba.

Ta ina ake farawa, kuma wane faɗi ake sharewa?

Daga sama ake farawa a gangaro, domin duk abin da aka goge ƙasa yake zuba. Kafin gansakuka, a fara da duwatsun da ke motsi: a ƙwanƙwasa, wanda ya yi amo kamar ganga ba lafiyayye ba ne. Kada a ture komai sai an tabbatar babu mutum, babu hanya, babu igiya a ƙasa, kuma gara a sa wani ya tsaya nesa yana tsare wurin.

Game da faɗi, abin da hannu da ƙafa za su taɓa shi ne ma'auni, sai wurin kafa ƙusa da inda igiya za ta riƙa gogawa. Na ga hanyoyin da aka kankare tun daga gindi har sama da faɗin da ya ninka abin da ake buƙata sau uku, ana hango su daga nesa kamar an shafa farin fenti a tsauni, kuma irin wannan ne yake sa mai ƙasa ya rufe wuri. Kyakkyawar shara ita ce wadda mai hawa zai sami duk abin da yake buƙata, mai wucewa kuma da ƙyar ya lura an yi wani aiki. Gansakukar da aka ɗago dunƙule ana iya ajiye ta a kan wani dutse mai inuwa a gefe, sau da yawa takan kama ta ci gaba da rayuwa. Sauran tarkacen a kwashe shi daga kan tsirran gindin bango, kada a bar shi tsibi ya danne su.

Ƙananan itatuwa da ciyayin da ke cikin tsaga fa?

A nan ake buƙatar taka-tsantsan fiye da ko'ina, domin ƙanƙantar itacen da ke jikin bango ba ta nuna ƙuruciyarsa. A 1988 Douglas Larson da abokan aikinsa na Jami'ar Guelph sun gano cewa ƙananan itatuwan sida masu murɗaɗɗen jiki da ke manne a ganuwar duwatsun Niagara a lardin Ontario tsofaffi ne ƙwarai, wasunsu sun haura shekara 1,000, alhali mai wucewa zai ɗauka tsiro ne na jiya. Sun tsira ne domin gatari da gobara da dabbobin kiwo ba sa kai wa gare su. Ganuwar dutse a wurare da yawa ita ce mafakar ƙarshe ta irin waɗannan halittu, kuma mai igiya shi ne mutum na farko da hannunsa ke isa wurin. Itace a jikin bango ba a sare shi. A karkatar da hanyar ta kauce masa. 'Yar ƙasar da ta taru a tsaga ko a kan baranda ta ɗauki shekaru masu yawa tana taruwa, don haka a ciro ta ne kawai a daidai inda za a sa abin kariya ko yatsu. Duk tsiron da ba a san shi ba, a ɗauki hotonsa a nuna wa masani kafin a taɓa shi.

Wane haɗari ke kan mai aikin kansa?

Mafi girma shi ne gogar igiya. Mai shara yana lilo hagu da dama na sa'o'i a wuri ɗaya, igiyar kuma tana cin gefen dutse a can sama inda ba ya gani. A yi amfani da igiyar da ba ta talewa, a sa mata kariya a kowane kaifi, a ƙara ɗaure ta a tsakiya idan bangon dogo ne, kuma a riƙe igiya ta biyu mai zaman kanta. Dutsen da aka ture ma yana iya datse igiyar da ke reto a ƙasa, saboda haka a naɗe ragowarta a jaka a jiki.

Sai ƙura. Giranit da dutsen yashi suna ɗauke da silika, wadda shaƙar ƙurarta na tsawon lokaci ke yi wa huhu lahanin da ba ya warkewa, don haka takunkumi mai tace ƙura wajibi ne, tare da tabarau mai rufe gefen ido, da hular kwano, da safar hannu. Daɗewa a rataye cikin ɗamara yana hana jini gudana a ƙafafu. Ƙaramin katakon zama yana sauƙaƙa wannan. A lura da zuma da rina da macizai da jemagu a cikin tsaga kafin a zura hannu, kuma kada mutum ya tafi irin wannan aiki ba tare da wani ya san inda yake da lokacin dawowarsa ba.

Ina iyakar shara take, ina sassaƙa ta fara?

Shara ita ce cire abin da ke kan dutse da abin da ya riga ya rabu da shi. Sassaƙa ita ce sauya dutsen kansa: faɗaɗa rami, ƙirƙiro madafa, ko dagewa da ƙarfe a kan ɓallin da ba ya motsi har sai ya fita. Kusan ko'ina a duniya masu hawa sun yi ittifaƙi a kan haramcin wannan. Idan bayan shara an tarar hanyar ta fi ƙarfin wanda ya share ta, to a bar wa wanda zai iya.

Bayan an gama sharar me ya rage?

Sabuwar hanya takan kasance da ƙura da santsi a farkonta. A bari ruwan sama ya wanke ta sau ɗaya ko biyu, a dawo da buroshi mai laushi a bi madafai ɗaya bayan ɗaya, a sake gwada duk abin da ake shakkar ƙarfinsa, sannan a kafa ƙusoshi idan hanyar ta masu ƙusa ce. A kwashe igiyoyin da aka kafa domin aiki, kada a bar su suna ruɓewa a rana. Wajen sanar da hanyar, a faɗa wa mutane watannin da take bushewa, da sassan da aka bari da gangan saboda wani tsiro ko sheƙa, da irin buroshin da dutsen ke jurewa, domin na baya su san abin da za su taɓa da abin da za su ƙyale. A shekara ta farko da ta biyu gansakuka za ta fara leƙowa daga gefuna da cikin ramuka masu laima, kuma a wannan matakin buroshin nailan da rabin sa'a sun isa a mayar da ita baya.